Jinin Taubashina

Ban san wata shekara da jikina ya ƙyale ni na huta ba. Inna ta ce tun ina goye hannuwana da ƙafafuna suke kumbura, in yi ta tsala ihu har maƙwabta suka gaji da leƙowa. A unguwarmu cikin tsohon garin Agadas kowa da sunan da ya ba ciwon. Wasu su ce amosani, wasu su ce sanyin ƙashi, tsofaffi kuma su sassauta murya su ce da hannun mutum a ciki. Ni abin da na sani shi ne, da zarar sanyi ya sauko daga duwatsu sai in ji kamar ana daka ƙasusuwana a turmi. Yayyena biyu maza wannan ciwon ne ya tafi da su tun ba su isa kaciya ba, don haka a gidanmu ba a yi mini dogon buri. Sauran yara ana ɗinka musu riga da yalwa don su girma a ciki. Ni tawa kullum daidai jikina ake yanka ta, kuma ban gane dalili ba sai da na yi wayo.

Magani kuwa babu irin wanda ban gani ba. Na sha rubutu, na sha jiƙo mai ɗacin tsiya, an gasa ni da ruwan zafi da gishirin Tigidda, an binne ƙafafuna cikin yashin ƙorama da tsakar rana. Wanzami kuma ɗan gida ya zama. Duk lokacin da ciwo ya tashi sai a aika masa, ya zo ya kafa mini ƙaho a baya da gwiwa, ya zuƙa, ya nuna wa Inna baƙin jinin a cikin kasko ya ce ga mugun abin nan ya fita. Inna ta yi godiya ta auna masa hatsi. Yau in na tuna yawan jinin da mutumin nan ya kwashe daga jikin da ba shi da na kansa, sai in rasa dariya zan yi ko zagi. Ba mugu ba ne, iyakar abin da ya iya ke nan.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini kallon marar lafiya ba, shi ne taubashina, ɗan Gwaggo yayar Baba. Ya ɗan girme ni, yana ɗinkin takalma a rumfar Baba a kasuwa. Tunda ni 'yar namiji ce shi kuma ɗan mace, wasan taubasai ya ɗora ni a kansa, ni ce uwargijiya shi ne bawa, kuma na mori wannan sarauta iyakar mora. Ina kwance ko juyi ba na iyawa, kowa na shigowa yana yi mini sannu da muryar ta'aziyya, shi sai ya ɗaga labule ya ce, "Har yanzu raguwar ga ba ta tashi ba? Wanga ba ciwo ba ne, gudun daka ne." In tattara sauran ƙarfina in ce, "Bawa, wa ya ba ka izinin magana? Tahi ka ɗebo mini ruwa." Ya tafi yana gunaguni ya ɗebo, ya kuma tallafi kaina in sha.

Tun muna yara dangi suke ce mana mata da miji, kamar yadda ake yi wa taubasai. Da muka girma wasan ya daina zama wasa a wurinmu, kuma ba wanda ya tilasta mana. Ina son sa, ba na jin kunyar faɗi yanzu. Shi ma ya tura aka gaya wa Baba, Baba ya ce ai abin gida ne. Gwaggo ce kawai in an tayar da maganar sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Allah shi kai mu," ta bi wuyan hannuna da kallo. Gwaggo ita ta yi renon Baba bayan rasuwar uwarsu, saboda haka a gabanta Baba da gemunsa yaro ne.

A ƙarshen wata damina zazzaɓi ya haɗu da tsohon ciwona suka kwantar da ni. Wannan karon ba zafin ƙashi ne ya fi ba, ƙarewa nake yi. Idanuna suka yi rawaya, tafin hannuna ya yi fari fat, in na ɗaga kai sai ɗakin ya juya da ni. Aka kira wanzami, ya dube ni, ya mayar da ƙahonsa cikin zabira ya ce babu abin da zai ja. Inna ta fara irin kukan da ba a yi da sauti. Taubashina ne ya ce a kai ni likita, wato asibiti, can bariki, wurin lokotoron soja, Nasaran da ke duba marasa lafiya. Baba bai so ba, don a lokacin duk wanda aka kai wa Nasara ana ɗauka an riga an fid da rai da shi. To, ai an riga an fitar. Sai aka ɗora ni kan jaki, Inna na riƙe da ni ta gefe guda, taubashina kuma ta ɗaya gefen.

Lokotoron wani siririn mutum ne mai jan wuya, ba ya jin Hausa. Babban ma'aikacinsa, wani Badamagare da ake kira majo, shi ke juya magana tsakaninmu. Lokotoro ya ja fatar idona ƙasa, ya huda mini yatsa, ya leƙa ɗigon jinin cikin wata na'ura, ya daɗe yana leƙe. Majo ya ce wai jinina ne aka halitta a karkace, yana saurin mutuwa, kuma ɗan abin da ya rage ba zai kai ni ko'ina ba sai an ƙara mini na wani. Inna ta ce a sake faɗa mata. Duk rayuwarta ta san in ciwo ya kama mutum fitar da jini ake yi, yau ga wani yana cewa a zuba.

Dangin da suka biyo mu suna tsaye a inuwar gini. Da labari ya fita cewa jini ake nema, sai kowa ya tuna da abin da ya bari a wuta. Wani ya ce Nasara ƙasarsu suke kai shi, wani ya ce namijin da aka ɗebi jininsa ba ya ƙara yin wani amfani a ɗakinsa. Aka rage Baba da Inna da taubashina. Lokotoro ya ɗiga jinin kowa a kan wani farin faranti ya gauraya da ruwan maganinsa. Na Baba bai dace da nawa ba. Inna kuwa duban ta kawai ya yi ya girgiza kai, ya ce ita ma da ƙyar nata ke riƙe da ita. Na taubashina ya dace. A daidai lokacin Gwaggo ta iso tana haki, ta kama masa riga ta ce ba da ɗanta ba, shi kaɗai gare ta. Ya cire hannunta a hankali ya shige.

A wancan zamani ba a ajiye jini a jira mai buƙata. Gado biyu na ƙarfe aka jera, ni a ɗaya shi a ɗaya, aka soka masa allura a hannu aka soka mini, da siririn tiyo a tsakani. Lokotoro na zaune a tsakiya da wani ɗan ƙarfe, yana ja daga wajensa yana turowa wajena. Na ji shigar jinin. Ɗumi ne ya fara daga hannu, ya hau kafaɗa, ya sauka ƙirji. Taubashina na kallon rufi yana zufa, ashe duk cika bakinsa tsoron allura yake yi. Duk da haka sai da ya juyo ya ce, "Uwargijiya, ruwa kika saba aike na, yau kuma har da jini? Wagga bauta ta yi yawa." Na yi dariya, lokotoro ya daka mini tsawa da Faransanci.

Kafin a sallame mu majo ya faɗa mana gaskiya a gaban kowa, har da Gwaggo, kuma na gode masa da bai ɓoye ba. Ya ce wannan ba warkewa ba ce. Jikina tulu ne mai tsaga, an cika shi yau, zai tsiyaye, in ya yi ƙasa sai a dawo a sake cikawa, haka har iyakar raina.

Watannin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Na hau soro da gudu don shanya, na sauko ban zauna hutawa ba. Na ci tuwo har Inna ta ce in bar wa tukunya mutuncinta. Na je rijiya da 'yan mata, na ja guga da hannuna, na yi faɗa da wata a kan layi, kuma ni na ci. Sai a lokacin na san yadda sauran mutane suke ji kullum ba su ko lura ba, har na ɗan ji haushinsu. Baba ya ce a ɗaura aure in ayarin gishiri na Bilma ya dawo, don ƙanensa da zai zama waliyyina ya bi ayarin. Sana'ar Inna saƙar tabarma ce, ni ma na iya, sai na rina kaba ja da baƙi na fara saƙa wadda zan shimfiɗa a ɗakina.

Ana nan sai ga Gwaggo wata rana da hantsi, ɗauke da ƙwaryar tukuɗi. Ta rungume ni, abin da ba ta saba ba, ta zauna kusa da Inna ta ce wani abu ne ya hana ta sukuni.

Ta ce, "In mace ta shayar da ɗan wata, ko sau guda, mi ya zama ga ɗiyanta?"

Inna ta ce, "Ɗan'uwa."

"Akwai aure tsakani?"

"Babu."

"To wanga nono ke nan, hwarin ruwa. Ina ga jini, cikin ƙwarya guda, da anka ɗiba daga jikin ɗana anka zuba mata? Abin da ke yawo cikin jikinta yanzu na wa ne? Ni ba ni hana alheri, amma ina tsoron ranar da za a ce mun aurar da wa ga ƙanwarshi."

Ina bakin ƙofa da kaba a hannu. Na ce, "Gwaggo, randa kika ja mishi riga ba ki san da wagga magana ba, sai yau?" Inna ta jefe ni da mafici.

Kafin la'asar maganar ta kai rijiya. Waɗanda suka tsere daga likita ranar da ake neman jini su ne suka fi kowa sanin hukuncinsa. Baba ya tafi wurin malamin unguwa. Tsohon ya ce ya ga nono a littafi, jini kuwa bai gani ba, don abin sabo ne. Shi bai ce haram ba, amma abin da zuciya ke ɗar a kansa, barinsa ya fi. Baba ya kawo magana biyu gida, Gwaggo ta ɗauki ta biyun ta bar ta farkon a ƙasa. Aka yi zaman dangi a zaurenmu, ba a kira ni ba, ba a kira taubashina ba. Abin da suka yanke ban taɓa jin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Wai sau ɗaya lalura ce, Allah mai afuwa ne, aure na nan. Amma in aka sake ƙara mini jininsa, to jini ya tabbata, mun zama wa da ƙanwa. Suka shafa fatiha suka tashi suna ganin sun yi adalci, alhali dukansu sun san abin da majo ya faɗa.

Taubashina ya shiga neman wani wanda zai ba da jini a madadinsa. Amma hukuncin nan ya riga ya rufe kowace ƙofa. Wa zai miƙa hannu ya wayi gari da ƙanwa marar lafiya rataye a wuyansa, a riƙa aiko masa duk lokacin da ta faɗi? Mutum ɗaya ne, wani maƙeri abokinsa, ya daure ya je, nasa kuma bai dace ba. Majo ya ce akwai sojoji, in lokotoro ya ce su ba da za su ba da. Baba ya ce ba zai haɗa zuri'a da wanda bai san asalinsa ba, bai ma san ko yana salla ba. Ku ji fa. 'Yarsa na tsiyayewa, shi yana tambayar asali.

Sanyi ya shigo, ayari bai dawo ba. Na fara jin alamun da na sani. In na hau matakala sai haki, in na kwanta sai in ji zuciyata na bugawa a cikin kunne. Na yi shawara da kaina cewa in na kai ranar ɗaurin aure a tsaye, sai su san yadda za su yi da hukuncinsu, don ɗaurarren aure ba ya kwantuwa da sauƙi irin na alkawari. Na shiga cin goro da fure don leɓena da dasashina su yi ja. Na riƙa cika kwalli don ya ɗauke hankalin mutane daga rawayar idona. In ciwon ƙashi ya tashi sai in shiga ɗakin hatsi in cusa bakin zane a baki har ya lafa. Inna ta gane, ai uwa ce. Sai ta riƙa karɓe mini taɓarya tana cewa dakana ba ya laushi. Duk wanda ya shigo daga kasuwa sai na tambaye shi ko an ji labarin ayari.

Ban kai ba. Wata safiya na sunkuya zan hura wuta, sai farkawa na yi a kan gadon ƙarfen nan. Na juya na ga an riga an jawo gado na biyu. A bakin ƙofa ga Gwaggo riƙe da hannun rigar ɗanta, wannan karon ciki take jan sa. Ita ta je rumfa da kanta ta taso shi, ko takalmin da yake ɗinki ba ta bari ya ajiye ba. An daɗe a unguwarmu ana ba da labarin kirkin da ta yi ran nan.

Na ce masa, "Hita."

Ya ce, "Uwargijiya…"

"Na ce ka hita. Ba ni so. A kira soja, a kira kowa, ko a bar ni haka."

"Kawu ya ƙi soja. Lokotoro ya ce ba ki kai gobe."

"To in mutu da alkawarinka a kaina mana. Ina ruwanka?"

Ya tsaya yana kallona, idanunsa sun yi jajur, takalmin na nan a hannunsa. Ya ce, "Ba ni iyawa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya ajiye takalmin a ƙasa ya kwanta ya miƙa hannu.

Na yi kokawa iyakar ƙarfina, wanda bai fi na kaza ba. Majo ya danne mini kafaɗa, Inna ta riƙe hannun tana kuka tana ba ni haƙuri. Ɗumin nan ya sake shigowa, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne jikina ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ina zagin su a zuci, numfashina na dawowa. Babu wanda ya yi wasa a ɗakin ran nan. Ina kwance a likita ayari ya shigo gari, daga nesa na jiyo guɗa.

Abin da na fara rasawa ba auren ba ne, wasan ne. Ranar da taubashina ya zo duba ni a gida ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ƙanwata, ya jiki?" da muryar ta'aziyyar nan da kowa ke yi mini. Na ce, "Bawa, yau kuma ladabi aka koyo?" Ya sunkuyar da kai ya ce wannan ya wuce, wa ba ya wasan taubasai da ƙanwarsa. Ya yarda da su ke nan. Ko da gaske ya yarda, ko kuwa yarda ce ta fi masa sauƙin ɗauka, ban sani ba, ban kuma tambaye shi ba. Na yi fushi da shi fiye da kowa, shi da ya tsamo ni daga bakin kushewa har sau biyu. Mutane suna ta cewa in gode. Na gode, ina godiya har gobe, amma godiya ba ta hana ni jin an cuce ni ba.

Ba a daɗe ba Gwaggo ta samo masa mata a Dabaga, 'yar masu garkar albasa da alkama, doguwa mai ƙwari, irin wadda ke ɗaukar buhu ba ta nemi a ɗora mata ba. Ba ta yi mini komai ba, ban kuma taɓa riƙe ta da komai ba. Da aka sa rana sai Gwaggo ta aiko a kira ni, wai ƙanwar ango ba ta zama a gida ana hidima. Kuma tabarmar nan ja da baƙi da na fara, in ƙarasa ta in taho da ita, ai ɗakin yayana za ta.

Na ƙarasa ta. Amma kafin in kai, sai da na bi ta gidan malam, na durƙusa daga bakin zaure na tambaye shi da bakina. Ya ce shi bai taɓa cewa haram ba, sau ɗaya ne ko sau goma, hukuncin nan ba daga wurinsa ya fito ba. Na ce to ya fito ya faɗa wa mutane. Ya ce an riga an kai goro Dabaga, tayar da magana yanzu fitina ce, in yi haƙuri. Haƙuri dai shi ne abin da kowa ke da shi a aljihu don ya ba ni.

Na sami Gwaggo ita kaɗai tana tsince alkama. Na ajiye tabarmar a gabanta na faɗa mata abin da malam ya ce. Na zaci za ta musa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Ni na wanke yayyenki biyu da hannuna. Na ga uwarki ta tsuhwa tana yarinya. Ɗa guda gare ni, ba ni son shi ƙare kwanakinshi tsakanin likita da kushewa. Da na ce ba ni so don ba ki da lahiya, da an ce Gwaggo muguwa ce, ubanki shi rabu da ni. Sai Allah ya kawo wagga hanya, kowa ya hita da mutuncinshi."

Na ce, "Ni hwa?"

"Ke kina da rai. Kuma ɗiyata ce ke yanzu, duk randa kika buƙaci jini ni za ni kawo miki shi da kaina. Mi kike so kuma?"

Ba ƙarya ta yi ba a kan yayyena, ba ƙarya ta yi ba a kan Inna, kuma alkawarin da ta yi ta cika shi har ta mutu. Amma ba ta tambaye ni ba, ba ta tambayi ɗanta ba, ta ɗauki sunan Allah ta lulluɓe abin da ranta yake so, dangi kuma suka taya ta ja. Wannan ban yafe ba a lokacin, yanzu ma da ta daɗe a ƙasa ban tabbata na yafe ba. Daga gidanta kasuwa na nufa don in gaya wa taubashina. Na tarar yana ɗinka wa amarya takalma. Yana ganina ya miƙe tsaye ya ce, "Ƙanwata, lahiya?" Na dube shi, na dubi takalman, na ce lafiya lau, wucewa nake yi.

Na yi hidimar biki ba abin da na rage. Na yi daka, na raba abinci, ina cikin ƙannen ango da suka je tarbo amarya a bakin gari, ni na shimfiɗa tabarmar da hannuna na miƙar da gefenta. Mata na ta cewa kai, wannan ƙanwa da kirki take. Har guɗa na yi, don in ban yi ba a ce baƙin ciki ne.

Hidimar ta cinye ɗan jinin da ya rage mini. Ba a gama cin kayan biki ba na sake kwantawa, aka sake ɗora ni kan jaki. A lokacin an sauya lokotoro, wanda muka tarar wani saurayi ne mai fara'a, bai san mu ba. Taubashina ya shigo cikin sabuwar riga yana ƙamshin turaren wuta, ya kwanta a gado na biyu ya naɗe hannun riga. Lallen angonci na nan a hannunsa har wuyan hannu, ya kama ƙwarai, ko dusashewa bai fara ba. Aka ajiye hannun kusa da nawa. Sabon lokotoro ya ga lallen ya yi murmushi, ya tambayi majo wani abu yana nuna shi yana nuna ni. Majo ya shiga gyaran tiyon da babu abin da ya same shi. Lokotoro ya sake tambaya. Sai majo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wai yana tambaya ko ke ce amaryar."

Taubashina ya rufe ido. Inna ta matso za ta riƙe ni. Ƙafafuna sun yi sanyi, ɗakin ya fara juyawa, kuma ina son in rayu, ina so ƙwarai, ban san ina so haka ba sai ran nan. Na ce wa Inna ta bari. Na janye mayafina da kaina na miƙa hannu.

Na ce wa majo, "Hwaɗa mishi yayana ne."

Majo ya juya masa da Faransanci. Lokotoro ya gyaɗa kai yana jin daɗi, ya ɗaure mini dantse, ya shiga laluben jijiya.